Buzuzun Watan Mayu: Yankunan da Yake Rayuwa a Duniya da Lokacin Fitowar Danginsa a Ƙasar Zuru

 Sharhin yau ya shafi wani ƙwaro da kusan kowa ya saba ganinsa yana karo da fitila da almuru bayan saukar ruwan farko, amma kaɗan ne suke danganta shi da gyaɗar da ke yaushi a tsakiyar damina alhali ƙasa tana da danshi. A Turai da Amurka ana kiransa buzuzun watan Mayu, saboda a can a cikin wannan wata ne yake fitowa daga ƙasa. Maganar da sharhin zai kafa a kai guda ɗaya ce, kuma za a riƙa komawa gare ta har ƙarshe: kowace ƙasa da irin nata buzuzu, kuma ɗumin ƙasa da danshinta su ne ke yanke lokacin fitowarsa. Saboda haka manomin da yake son kare gonarsa, wajibi ne ya san buzuzun yankinsa da lokacin da yake tasowa.

Da farko, ya kamata a san ko wane ne wannan ƙwaro. Masana ilimin ƙwari sun sanya shi cikin babban gidan da suke kira Scarabaeidae, wato gidan da ya haɗa buzuzun nan mai mirgina kashin shanu da dubban danginsa, sannan a cikin wannan gida suka ware reshen da suke kira Melolonthinae, wanda ya ƙunshi masu cin ganyen itace idan sun girma, masu cin saiwa lokacin da suke tsutsa. Babban ƙwaron yawanci launinsa ruwan ƙasa ne, bayansa mai tauri ne, tashinsa da nauyi da ƙugi, kuma a kansa akwai wasu gashi biyu masu kauri da bakinsu ke buɗewa kamar mafici, waɗanda da su yake shaƙar ƙanshin mace da na ganye. Rayuwarsa tana da matakai huɗu: ƙwai, sai tsutsa, sai matakin kwanciya wanda tsutsar ke daina ci ta shige wani ɗan ɗaki na ƙasa tana sauya kama, sai kuma babban ƙwaro mai fiffike. Tsutsar fara ce, mai kauri, kanta ja-ja, ƙafafunta shida duk a gaba, kuma kullum a lanƙwashe ake samunta. Ita ce Bahaushe yake sanyawa cikin abin da yake kira gwazarma, kuma ita ce ke yin ɓarnar da ta fi muni, domin tana aikinta ne a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani.

Bayan an san kamanninsa, sai a juya ga tambayar da ta fi muhimmanci a yau, wato ina ne yake rayuwa. Wannan reshe na ƙwari yana da nau'o'i fiye da dubu goma, kuma ya bazu a duk nahiyoyin duniya in banda yankin ƙanƙara na ƙarshen kudu, sai dai babu nau'i ɗaya da ya mamaye duniya baki ɗaya, domin kowace nahiya tana da jinsin da ya fi ƙarfi a cikinta, kuma kowane jinsi ya daidaita rayuwarsa da yanayin wurin da ya samu kansa.

A fara da Turai, inda sunan ya fi daɗewa. Wanda aka fi sani a can shi ne Melolontha melolontha, wanda ke zaune a filayen noma da makiyayu na tsakiyar nahiyar, kamar Jamus da Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Folan, sai ɗan uwansa Melolontha hippocastani da ya fi son dazuzzuka masu rairayi, wanda yankinsa ya miƙa gabas har cikin Saberiya ta ƙasar Rasha. Da yake hunturun waɗannan ƙasashe yana daskarar da ƙasa na tsawon watanni, tsutsar takan nutse can ƙasa ta daina ci, don haka girmanta yake tafiya a hankali har ta shafe shekara uku a wurare masu ɗan ɗumi, shekara huɗu ko fiye a wurare masu tsananin sanyi, kafin ta zama babban ƙwaro ta fito a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ta rayu 'yan makonni kawai. Wannan jinkiri ne ya haifar da abin da manoman can suke kira shekarar tashi, wato shekarar da ƙwarin wani yanki suke fitowa gaba ɗaya da yawan gaske, su tsige ganyen itatuwa, sannan a yi shekara biyu ko uku ba a ga irin wannan yawa ba. A Suwizalan, inda zagayen shekara uku ne, an raba ƙasar gida uku bisa ga shekarar da kowane yanki yake ganin tashinsa, ana kiran su tashin Bern da tashin Basel da tashin Uri. Ƙasa ɗaya ce, nau'in ƙwaro ɗaya ne, amma kowane yanki da shekararsa.

Tarihin Turai da wannan ƙwaro yana ɗauke da darasi. A zamanin da, mutanen ƙauye ne suke fita da sassafe su girgiza itatuwa su tattara ƙwarin, a ciyar da kaji da aladu, har a wasu sassan Jamus da Faransa ana yin miya da su. A tsakiyar ƙarni na 20 aka shiga fesa magunguna masu ƙarfi irin su DDT, yawan ƙwarin ya ragu ƙwarai, amma maganin ya shafi tsuntsaye da sauran halittu masu amfani, har aka hana amfani da shi. Daga wajen shekarun 1980 ƙwarin suka fara dawowa a wasu yankuna, kuma a yau manoman Suwizalan da Ostiriya sun fi dogara da wani nau'in naman gwari na cikin ƙasa mai suna Beauveria brongniartii, wanda ake zubawa a makiyaya ya kama tsutsar ya kashe ta, ba tare da ya zame wa mutum ko dabba guba ba.

Daga Turai sai a tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, inda sunan buzuzun Mayu yake nufin wani jinsi dabam da ake kira Phyllophaga, ma'ana mai cin ganye, wanda ke da nau'o'i fiye da 900 da suka bazu daga Kanada, ta Amurka da Meziko, har zuwa Kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan. A nan ma yanayi ne ke mulki, domin a jihohin kudu masu ɗumi ƙwaron yakan fito da wuri kuma tsutsarsa takan kammala girma cikin shekara ɗaya ko biyu, alhali a jihohin arewa masu sanyi takan kai shekara uku, fitowar kuma takan yi jinkiri har cikin Yuni, abin da ya sa mutane da yawa a can suke kiransa ƙwaron Yuni. A Ostireliya kuwa, inda lokacin zafi yake faɗowa a ƙarshen shekara, wasu danginsa na kusa suna fitowa ne a cikin Disamba, har ana kiran su buzuzun Kirsimeti. Masu sauraro za su lura cewa maganar farko ta sake tabbata: watan fitowa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma dalilin fitowar ɗaya ne, wato ƙasa ta yi ɗumi kuma ta yi taushi.

A Ostireliya ɗin ne kuma aka yi kuskuren da duniya take ɗaukar darasi daga gare shi har gobe. Tsutsar wani buzuzu ɗan asalin ƙasar mai suna Dermolepida albohirtum tana cin saiwar rake a jihar Queensland, sai hukumomi suka samu labarin cewa wani ƙaton kwaɗo ɗan asalin nahiyar Amurka ya taimaka wajen rage tsutsar Phyllophaga a gonakin raken tsibirin Puerto Rico, don haka a shekarar 1935 suka shigo da shi ta hanyar Hawai suka sake shi. Kwaɗon bai yi wa buzuzun Ostireliya wata illa ta a zo a gani ba, saboda babban ƙwaron yana saman rake da itatuwa inda kwaɗo ba ya kaiwa, tsutsar kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Maimakon haka sai kwaɗon ya yaɗu a arewacin ƙasar, gubar jikinsa tana kashe macizai da manyan ƙadangaru da sauran namun dajin da suka ci shi. An ɗauko maganin wata ƙasa aka kai wa ƙwaron wata ƙasa ba tare da an fahimci halinsa ba, kuma har yau ana biyan kuɗin wannan gaggawa.

Yanzu sharhin zai matso kusa da gida, zuwa ƙasashe masu zafi, inda babu hunturun ƙanƙara, sai dai dogon rani da gajeriyar damina. A irin waɗannan wurare fari ne ke taka rawar da sanyi yake takawa a Turai. Misali mafi bayyana shi ne Indiya, inda jinsin Holotrichia yake addabar gyaɗa da rake a jihohi irin su Rajasthan da Gujarat da Maharashtra. Tsutsar takan gama ci a ƙarshen damina, ta nutse ƙasa ta sauya kama, babban ƙwaron kuma ya zauna cikin ɗakinsa na ƙasa duk tsawon rani yana jira, har sai ruwan farko mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa a wajen watan Yuni, sannan ya fito da almuru ya nufi itatuwa irin su darbejiya da dangin bagaruwa, inda yake ci yake kuma barbara, kafin asuba ya koma ƙasa mace ta zuba ƙwai. Zagayen gaba ɗaya shekara ɗaya ne. Da manoman Indiya suka gane haka, sai suka riƙa fita rukuni-rukuni a dararen farko bayan ruwa, suna girgiza itatuwan da ƙwarin suke taruwa a kai, suna tattara su kafin su yi ƙwai, wasu kuma suna kafa tarkon fitila.

A nahiyar Afirka, jinsin da ya tsaya a matsayin buzuzun Mayu shi ne wanda masana suke kira Schizonycha, mai nau'o'i ɗaruruwa, waɗanda yawancinsu 'yan asalin wannan nahiya ne, kuma halinsu ya yi kama da na danginsu na Indiya, wato jiran ruwan farko, fita da dare, da kuma tsutsa mai cin saiwar gyaɗa da dawa da masara da rake. Binciken da masana na cibiyar ICRISAT, mai kula da amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa, suka gudanar a gonakin gyaɗa na Afirka ta Yamma a shekarun 1990, ya nuna cewa manyan maƙiyan gyaɗa na cikin ƙasa su ne gara da ƙadandoniya da wannan farar tsutsa. Ɓarnar tsutsar iri biyu ce: takan yanke babbar saiwa har tsiron ya yi yaushi ya mutu, takan kuma huda kwanson gyaɗa, ramin da ta bari ya zama ƙofar da fumfuna ke shiga, irin fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta kuma take rage darajar gyaɗa a kasuwa.

Ko a cikin Najeriya da Nijar, dangin wannan ƙwaro sun raba ƙasa tsakaninsu bisa ga yawan ruwa da irin amfanin da ake nomawa. A can kudu, a yankin doya da ke kewaye da kogunan Kwara da Binuwai, akwai buzuzun doya mai suna Heteroligus meles, wanda ke hayayyafa da rani a gaɓar koguna da fadamu masu danshi, sannan da farkon damina ya tashi zuwa gonakin doya ya riƙa huda ta, ya kuma koma fadama a ƙarshen damina. A can arewa, a yankin gero na Sahel, akwai wani ƙaramin buzuzu mai suna Rhinyptia infuscata da ke hawa zangarniyar gero da dare yana cin fure, wanda manoma a Nijar suke hura wuta da dare a gefen gona domin ta ja shi ya faɗa. Akwai kuma Pachnoda interrupta, mai baƙin jiki da ɗigon rawaya ko ja, wanda shi da rana yake tashi, yana cin ƙwayar dawa da gero lokacin da take da madara, kuma ya taɓa yin mummunar ɓarna a gonakin dawa na ƙasar Habasha a shekarun 1990. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, amma kowanne da wurinsa, da lokacinsa, da abin da yake ci.

To, ina ƙasar Zuru ta tsaya a cikin wannan taswira? Masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara, kuma tana samun ruwa fiye da Birnin Kebbi da Argungu, damina kuma tana riga sauka a nan, yawanci tsakanin ƙarshen Afrilu da watan Mayu, ta kai har Oktoba. Wannan matsayi ya sanya ta a tsakanin yankin doya na kudu da yankin gero na arewa, shi ya sa manomin Zuru yake noma dawa da masara da gyaɗa da gero da wake a tudu, shinkafa da rake a fadama, wato kusan duk abincin da waɗannan ƙwari suke nema yana nan a wuri ɗaya. Ƙasar kuma ba iri ɗaya ba ce, akwai tsaunuka da gangarensu masu tsakuwa, akwai jigawa mai taushi, akwai laka a kwari, kuma tsutsar ta fi samun sauƙin rayuwa a ƙasa mai taushi da ke riƙe danshi ba tare da ta cika da ruwa ba. Saboda haka gonaki biyu a ƙauye ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen yawan tsutsa. Idan buzuzu ya fito a Zuru cikin watan Mayu, ruwan farko ne ya tashe shi, kuma a shekarar da ruwa ya yi jinkiri, shi ma zai yi jinkiri.

Daga wannan bayani sai a ciro abin da zai amfani manomi a aikace. Abu na farko shi ne lura a makonnin farko na damina, lokacin da ƙwarin suke taruwa wajen fitila da kan itatuwan da ke gefen gona, domin yawansu a wannan lokaci alama ce ta yawan tsutsar da za ta biyo baya, wadda ɓarnarta ta fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, lokacin da ta girma cinta ya ƙaru. Abu na biyu shi ne tona gindin duk tsiron da ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, domin a gani da ido ko tsutsa ce, ko gara ce, ko ciwon saiwa ne, tun da kowanne maganinsa dabam. Abu na uku shi ne bambanta gwazarmar juji da ta saiwa, domin ba duk farar tsutsa ce maƙiyiyar shuka ba: wadda ke cikin ruɓaɓɓen taki yawanci ruɓaɓɓen abu take ci, kuma tsutsar dangin Pachnoda idan aka ajiye ta a fili da bayanta take rarrafe, alhali mai cin saiwa takan zauna a lanƙwashe ta kwanta a gefe. Bayan haka, huɗa mai zurfi tana fito da tsutsa fili, inda rana da balbela da kaji da zabi suke gamawa da ita, kuma barin taki ya ruɓe sosai kafin a kai shi gona yana daga cikin abin da masana noma suke ba da shawara a kai. Wanda zai yi amfani da maganin gauraya iri ko na zubawa a ƙasa, ya fara tuntuɓar malamin gona, domin feshin ganye ba ya kaiwa ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai dai ya cinye kuɗi ya kashe ƙudan zuma.

Akwai kuma wani ƙarfi da ƙasar Zuru take da shi tun kaka da kakanni, wato al'adar noma tare. Mutanen da suka gaji gayya, suka kuma gaji golmo na Dakarkari, inda samari suke haɗa ƙarfi su yi noma a gonar surukai, ba sa buƙatar a koya musu amfanin aikin taro. Buzuzu yana da fiffike, bai san iyakar gona ba, don haka mutum ɗaya da ya tattara na gonarsa zai sake karɓar na maƙwabcinsa, amma idan unguwa guda ta fita tare a dararen farko na damina, kowace mace da aka kama kafin ta yi ƙwai ta rage tsutsotsi da dama. Nauyi kuma yana kan masana. Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a shekarar 2020, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da hukumomin noma na jiha, su ne suka fi cancanta su kafa tarkon fitila a garuruwan masarautar, su tantance nau'o'in da ke fitowa, su rubuta makon fitowarsu da irin ƙasar da suka fi yawa a ciki shekara bayan shekara, sannan su mayar wa manoma da sakamakon cikin Hausa da C'lela da sauran harsunan yankin. Irin wannan rubutaccen sani ne ya ba manomin Suwizalan damar sanin shekarar tashi tun kafin ta zo, kuma manomin Zuru ya cancanci irinsa.

Jama'a masu sauraro, maganar da aka fara da ita ita ce za a rufe da ita: kowace ƙasa da irin nata buzuzu, kuma ɗumin ƙasa da danshinta su ne ke yanke lokacin fitowarsa. A Turai narkewar sanyi ce take tashe shi, a ƙasar Zuru ruwan farko ne. Don haka idan ruwan bana ya sauka, ku duba fitilunku da almuru, ku duba itatuwan gefen gona, ku tona gindin tsiron da ya yi yaushi, ku kai abin da kuka samu ga malamin gona, kuma ku yi shawara da maƙwabtanku tun kafin tsutsa ta girma, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare gonaki da masu nomansu, ya kai kowa lokacin kaka da bikin Uhola na ƙasar Zuru da rumbuna cike.